Abin da na koya ina yawo da karnukan mutane a gonakin inabi

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin motar kamfani. Wasu daga cikin 'yan'uwa masu tuƙi a Cape Town, Afirka ta Kudu, sun tambaye ni ko su nemi gurbin, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Kun dai san tsarin. Ka kwashi baƙi da karensu daga masauki, ka hau babbar hanyar N2, ka karkata hanyar R310 ta gefen Faure inda kushewar Shaihu Yusuf na Makassar take, ka shiga Stellenbosch, in lokaci ya ba da dama ka haura hanyar dutsen Helshoogte ka gangara Franschhoek. Su suna ɗanɗana giya, kai kana inuwa riƙe da igiyar kare. Irinmu ake so a aikin. Doka ta fi tsananta wa direban haya a kan barasa fiye da mai motar gida, don haka ana neman wanda ko kyauta aka miƙo masa kofi ba zai karɓa ba. Direbobi Musulmi 'yan asalin garin kuwa da yawansu Shafi'awa ne, yawun kare a wurinsu najasa ce mai wanki bakwai, ba sa son ya hau musu kujera. Mu da muka tashi a Malikiyya, kare mai rai ba najasa ba ne. Karatun zaure ne ya samo mini aiki inda ban taɓa zato ba. Ba na ce zuciyata ta taɓa kwanciya da kwalayen giyar da ake loda mini a bayan mota ba, kuma wannan yana cikin dalilan tafiyata. Amma babban dalili Madam ce, shugabata a kamfanin.

Duk wanda ya yi shekara a nan ya san girbin inabi daga ƙarshen Janairu yake farawa ya kai Maris, wani lokaci har Afrilu, a tsakiyar zafi, lokacin da zafin garin Paarl kan kai maki 40. Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne inabi dafi ne ga kare, ɗanye da busasshe. Ƙoda yake kashewa. Likitocin dabbobi ba su da wani adadi da za su ce maka wannan ba ya cutarwa: wani karen ya ci da yawa ya tashi garau, wani ya ci kaɗan ya daina fitsari bayan kwana biyu. Tun 2021 zargi ya fi karkata kan sinadarin tsami na tartarik da ke cikin 'ya'yan. A lokacin girbi kuwa inabi ko'ina yake, a ƙarƙashin kuranga, a kan hanyar tarakta, ga kuma tulin tuƙar da aka matse aka zube a bayan rumbun giya kafin a kai ta taki.

Akwai wata gona da tulin tuƙarta bai fi taku kaɗan daga teburan baƙi ba, babu shinge. Na sami Madam a ofis tun kafin girbi na ce a cire gonar daga jerinmu zuwa Afrilu. Ko ɗago kai ba ta yi daga kwamfuta ba. Ta ce, "Tuƙi aka ɗauke ka yi." Kowa a kamfanin ya san gonar ce ta fi ba ta la'ada a kan kowane kwali da baƙonmu ya saya.

Ranar da abin ya faru, mata da miji na ɗauko 'yan Johannesburg, da ƙaramin karen farauta mai dogayen kunnuwa, irin wanda hancinsa ke jan ƙafarsa. Mun isa gonar da azahar, ita ce ta uku a ranar, harshen maigidan ya fara nauyi. Sai ga kiran Madam. Ta karɓi kuɗin wasu baƙi a Franschhoek ba ta tanadar musu mota ba, wai in bar waɗannan suna cin abinci in je in kai waɗancan masauki in dawo. Na ce, "Madam, wa zai riƙe karen?" Ta ce, "Masu shi ba su da hannu ne?" Ta kashe waya.

Na damƙa wa maigidan igiyar a hannunsa, na nuna masa tulin da yatsa, na ce ko da wasa kada ya sake shi. Ya yi dariya, ya ce karensa yana jin magana.

Da na dawo, ban ko kashe mota ba wata dattijuwa daga cikin masu tsinkar inabi ta tare ni, almakashinta a hannu. "Ɗan'uwa, karenku yana bayan rumbu, na kore shi ya koma." Na same shi ya nutsa ƙafafun gaba cikin tulin, bakinsa da ƙirjinsa sun rine ja-ja-wur, ƙwallayen inabi sun manne a gashin haɓarsa, ƙudaje na bin sa, wurin na tashin tsami. Yana ganina ya kaɗa wutsiya. Masu shi suna can suna zaɓen kwalaben da za su saya, igiyar na rataye a jikin kujera.

Ban tsaya neman izinin kowa ba. Na cusa su mota da karen, sai asibitin dabbobi a Stellenbosch. Aka yi masa allurar amai, ya zubo fatun inabi da ƙwallaye cike da faranti, aka ɗura masa gawayi, aka sa masa ƙarin ruwa na kwana biyu ana duba jininsa. Likitar ta ce zuwa da wuri ne ya taimaka, da an bari sai ya nuna alama da labarin ya sha bamban. Ya rayu.

Ranar Litinin takardar gargaɗi na tarar a kan tebur. Laifina biyu: na bar baƙi ba tare da izini ba, na kuma sauka daga jerin gonakin ranar ba tare da izini ba. Na biyun shi ne kai kare asibiti. Ta riga ta faɗa wa baƙin cewa direba ne ya yi sakaci, ta biya musu kuɗin asibiti da sunan kamfani, suka rubuta mata yabo a intanet, ita kuma ta zare kuɗin daga albashina, kusan rabi. Na ce ai ita ta aike ni. Ta ce, "Nuna mini inda na rubuta." Da baki ta kira ni, da baki na gargaɗe ta. Babu ko ɗaya a takarda.

Wani dattijon direba da muke kira Boeta ne ya zaunar da ni ya buɗe mini doka. Sashe na 34 na dokar ƙa'idojin aiki ta 1997 ya hana mai aiki cire kuɗin asara daga albashi sai da yardar ma'aikaci a rubuce, sai an saurare shi, kuma abin da za a cire kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Ya ce in kai ƙara CCMA, hukumar sasanta rikicin ma'aikata, ba a biyan ko sisi. Gaskiyarsa. Amma shi ɗan ƙasa ne, ni kuwa takardar zamana tana hannun wadda zan kai ƙara. Na haɗiye. Wanda zai ce tsoro ne, ya fara zuwa ya yi layin neman takardar zama a Home Affairs, ma'aikatar cikin gida, tukuna.

Tun daga ranar, duk umarnin da ta ba ni ta waya, kafin in tayar da mota sai na tura mata a WhatsApp: "Madam, kamar yadda kika ce yanzu, zan yi kaza." Ta tsani abin. Ta ce ba na yarda da mutane. Ba ta sake aike na in bar kare ba.

Akwai abin da ya fi kuɗin tsaya mini a rai. Na haddace duk tarihin da baƙi ke son ji: an fara matse inabi a nan a 1659, Simon van der Stel ya kafa Stellenbosch a 1679, Faransawa masu gudun addini sun iso a 1688, Farfesa Perold ya haɗa irin inabin Pinotage a 1925. A kan wannan ake ba da tukuici. Ba a taɓa sa ni in faɗi cewa bayi ne suka fara noma gonakin ba, ko cewa an daɗe ana biyan ma'aikata wani ɓangare na ladansu da giya, aka haramta a farkon shekarun 1960 amma al'adar ta ci gaba a wasu gonaki shekaru da dama bayan nan. Dattijuwar da ta ga karen jikar waɗannan mutane ce. Masu karen ba su tambayi sunanta ba. Ni na koma na kai mata sukari da ganyen shayi.

Sauran ƙanana ne. Ka kira gona da safe ka tabbatar tana karɓar kare, domin dokarsu kan canja. Inda ake sakin agwagi su tsinci dodon koɗi, kamar gonar Vergenoegd, igiya gajera. Ka taɓa kwalta da bayan hannunka kafin ka sauke shi. Macijiya kasa ba ta gudu in an doso ta, don haka ban da doguwar ciyawa. Ka duba kaska a kunne da tsakanin yatsu kafin ya hau mota. Baƙon da ya ce karensa yana jin magana, kada ka ba shi igiya.

Gonar nan mai tulin tuƙa har yau tana cikin jerin watan Fabrairu, kuma a sabuwar takardar tallan kamfani akwai hoton kare yana gudu tsakanin kuranga babu igiya. Wanda ya karɓi motar, tayar baya ta hagu tana sace iska, na faɗa wa Madam a rubuce.