Littattafan gwanjo da abin da na koya a bayan tebur

A Amurka akwai wata sana'a da ba sana'a ba, babu mai cin ko sisi a cikinta amma duk shekara kuɗi masu kauri suke shiga hannun laburaren gari ta dalilinta. Garuruwa da yawa suna da ƙungiyar da ake kira Abokan Laburare, yawancinsu tsofaffi ne 'yan fansho, tsoffin malaman makaranta, nas-nas, su wane da su wane, aikinsu su karɓi littattafan da mutane suka gama da su, su tantance, su sa farashi, sau ɗaya ko biyu a shekara su buɗe kasuwa su sayar, abin da aka samu a miƙa wa laburare. Ni na faɗa cikinsu ne lokacin da nake karatu a wani ƙaramin gari a jihar New York, kuma ba wani kishin al'umma ne ya kai ni ba, ji na yi an ce mai taya su aiki shi yake fara ganin littafi kafin kowa, ni kuwa ɗalibi ne aljihu ba nauyi.

Wani zai ce to ƙasa kamar Amurka me ya kai laburare ga neman kuɗin gwanjo. Ai laburaren jama'a a can ba gwamnatin tarayya ce take riƙe da shi ba, mafi yawan kuɗinsa daga harajin garin yake fitowa, musamman harajin gidaje da filaye. Tsarin ma tsoho ne. Attajirin nan Andrew Carnegie, mai kamfanin ƙarfe, kuɗinsa sun gina laburare 2,509 tsakanin 1883 da 1929, guda 1,689 daga ciki a Amurka, amma bai ba kowane gari haka kawai ba, sai garin ya kawo fili kuma ya yi alkawarin duk shekara zai kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin wajen tafiyar da wurin. To kuɗin harajin nan albashi da wuta da ɗumama ɗaki lokacin sanyi suke cinye yawancinsa. Ga kuma littafin da ake karantawa a waya, wanda laburare ba ya mallakarsa, lasisi yake biya, tun 2011 kamfanin buga littattafai na HarperCollins ya ce in an ari littafinsa na waya sau 26 sai an sake biyan kuɗi. Kun ga kenan shirin karatun yara na hutun bazara, kujeru, kwamfuta, gayyato marubuci ya zo ya yi magana, duk irin waɗannan sai a waiwayi Abokan Laburare.

Abin da mutane suke gani shi ne ranar kasuwa, layi, hayaniya, tebura cike. Amma wallahi wannan ba komai ba ne a cikin aikin, aikin yana ɗakin ƙasa inda ake zube kwalaye, shekara guda ana yinsa ba mai gani. Mutum zai zo da mota ya buɗe but ya sauke kwali goma ya ce na mahaifiyata ne ta rasu watan jiya, ko za mu tashi daga gidan, ko yara sun girma, ya tafi yana jin ya yi abin kirki, kuma ya yi ɗin, sai dai abin da ya bari bai zama kuɗi ba tukuna, nauyi ne kawai sai wani ya sunkuya ya buɗe ya duba ɗaya bayan ɗaya.

Wadda ta koya min wata dattijuwa ce da ta kai sa'ar kakata, tsohuwar malamar firamare. Ta dage sai dai in kira ta da sunanta tsirara kamar yadda suke yi, ni kuma bakina ya ƙi, na koma ce mata Mama, ta yi dariya ta bar ni. Ita kafin ta karanta sunan littafi hanci take fara kai masa. In ta ji warin danshi ko ta ga ɗigo-ɗigon fumfuna a gefen takarda shi kenan ya tafi kwandon shara ko da waye ya rubuta shi, don fumfuna tana yaɗuwa, guda ɗaya sai ya ɓata kwali. Daga nan ta kama shi ta baya ta girgiza, abin da yake faɗowa kuwa sai ka gani, hoton biki, rasit ɗin asibiti, busasshen fure, wasiƙar da ba a aika ba, wani lokaci har kuɗi. Hotunan akwai wani ƙaramin kwali da take tarawa ko mai su zai dawo, ban taɓa ganin wanda ya dawo ba.

Nan ne abin ya fi yi min wuya. Mu da muka taso in ka ga takarda mai rubutu a ƙasa ka ɗauke ka soke ta a katanga, yau ga ni ana miƙo min littafi mai bango mai kyau ana cewa jefa. Jerin Encyclopaedia Britannica cikakke, juzu'i wajen talatin, bango kamar fatar kujerar sarki, mai shi ya saye shi da tsada yana biya wata-wata, yanzu ko kyauta ba mai ɗauka, kamfanin da kansa ya sanar a 2012 cewa ya daina buga shi a takarda. Tsoffin mujallun National Geographic masu ruwan ɗorawa haka, kowane gida yana da tuli kuma kowa yana ganin nasa dukiya ce. Littafin koyon kwamfutar da aka daina yayinta, jagorar yawon buɗe ido mai farashin otal na shekara ashirin baya, duk hanya ɗaya.

Na taɓa ce mata Mama waɗannan fa a ƙasarmu akwai makarantun da ba su da ko ɗaya, me zai hana a tura. Ta zaro wani littafin koyon aikin jinya da ya tsufa ta buɗe shafin magunguna ta ce ɗana, in ƙanwarka ce take karatun nas za ka so ta haddace wannan? Ta ce sannan ka lissafa kuɗin jirgin ruwa da na fito, ka ga ko ba gara a ba su kuɗin su sayi sabo ba. Ba wai ba a turawa ba ne, akwai ƙungiyoyin da aikinsu kenan kamar Books For Africa da ke Minnesota, amma su ma suna da sharaɗin irin littafin da suke karɓa, ba duk tarkace ba. Ni dai tun daga ranar in na ga ana hoton kwantena ana cewa an kawo wa makarantunmu gudummawar littattafai, abin da nake so in sani shi ne wa ya tantance, kuma wace shekara aka buga su. Kwashe sharar wani ka kai wa wani ba sadaka ba ce ko da a kwali mai kyau ka zuba.

Abu ɗaya ne na ce ban yarda ba, Alƙur'ani. Yakan shigo jefi-jefi, yawanci fassarar Turanci da wani ɗalibi ya saya don darasin addinai ya gama ya manta, wani lokaci da Larabcin a ciki, kuma sai ka same shi a ƙasan kwali an danne shi da littattafan girki. Na yi musu bayani, ba su yi gardama ba ko kaɗan, aka ware min wuri a saman kanta, mai kyau ya je teburin addini, wanda ya yage in kai masallacin garin su san yadda za su yi. Ashe ma akwai wani dattijo Bayahude a cikinmu da ya daɗe yana yin haka da littattafansu masu sunan Allah, su binnewa suke yi, shi ne ya fara goya min baya.

Sai maganar farashi, wadda ita ce ta fi sauya min tunani a harkar kasuwanci gaba ɗaya. Ni a ganina littafin da aka sayo dala 30 yana nan kamar sabo ai ko yaya a sa masa 10. Su kuwa dala 2 mai bango mai tauri, dala 1 mai laushi, na yara ƙasa da haka, ba ciniki ba alfarma. Dalili, ba su sayi kayan ba, ba uwar kuɗi da za su fitar, abin da yake da tsada a wurinsu shi ne wuri da ƙarfin masu ɗauka. Littafin da bai fita ba sai an sake ɗaga shi, an sake ajiye shi, ga sababbin kwalaye suna shigowa. Saboda haka burin shi ne ɗakin ya zama wayam. Farashi yana ta sauka kamar na tumatir da yamma ta yi a kasuwa, ranar ƙarshe a ba ka jaka ka cika ta da duk abin da za ta ɗauka ka biya kuɗi kaɗan.

Wanda yake son ganin abin a girmansa ya je Ithaca, garin da jami'ar Cornell take. Kasuwarsu tun 1947 ake yinta, yanzu sau biyu a shekara, Mayu da Oktoba, a wani katon sito da ke titin Esty, kaya sama da 250,000 kowane zagaye, littafi da faifai da wasannin yara, an raba su fanni-fanni yadda ba za ka ɓata ba. Mutane har kwana suke a layi kafin ranar buɗewa, a sanyin Oktoba fa. Su ma tsarin nan ne, mai son ya zaɓa ya zo da wuri ya biya da ɗan tsada, mai son araha ya jira ya ɗauki abin da ya rage. Masu daraja kuma, tsoffin bugu da waɗanda marubuci ya sa wa hannu, ɓangarensu daban farashinsu daban, kuma a nan ne idon mai tantancewa yake biyan kuɗin wahalarsa, don littafi ɗaya da aka gane yana iya kawo abin da tebur guda bai kawo ba.

Akwai kuma dillalai, waɗannan kam sun raba kan masu aikin. Za ka gan su da waya ko ɗan sikana a hannu suna bin lambar bayan littafi, ƙit ƙit ƙit, ko sunan ba sa karantawa, manhaja ce take gaya musu nawa yake a kasuwar intanet ta Amazon, mai riba su jefa a kwali marar riba su ture. Wasu tsofaffin haushinsu suke ji sosai, wai sun zo sun kwashe na kirki kafin malamar makaranta ta taso daga aiki. Ni ban ga laifinsu ba a cinikin, kuɗinsu kuɗi ne kuma su ne suke saye da yawa. Inda nake da ja shi ne mai tara tuli a lungu ya rufe da bargo ya hana kowa taɓawa, sai can yamma ya zaɓi kaɗan ya bar mana sauran a hargitse. Wannan doka ce maganinsa, aka kafa ta, abin da ka ɗauka ka biya ko ka mayar, aka zauna lafiya.

Wani abin dariya, kwalin da ya fi dacewa da littafi shi ne na shagon giya, ƙarami ne ga ƙarfi, in ka cika shi ba zai karya maka baya ba. To ga ni ɗan malamai ina ratsa titi rungume da kwalin wiski, ina addu'a kar in haɗu da wani ɗan masallacinmu.

Kuɗi kuwa ba a wasa da su ko kaɗan duk da kowa ya san kowa shekara da shekaru. Mutum biyu ne suke ƙirga akwati, su biyun su sa hannu, a kai banki, a taron shekara ma'aji ya karanto abin da ya shigo da inda ya tafi. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin zargi. Kuma laburare ba ya karɓar kuɗin a dunƙule ya yi yadda ya ga dama, shugabar wurin takan kawo jerin buƙatu a rubuce kwamiti ya duba ya amince, shi ya sa mai ba da littafi yake iya nuna maka kafet ɗin ɗakin yara ya ce da kuɗin gwanjon bara aka saye shi. Na sha tunanin ƙungiyoyinmu na tsoffin ɗalibai da na unguwa, da yawa ba rashin masu bayarwa ne yake kashe su ba, ranar da wani ya ce a karanto lissafi ranar ake ɓatawa.

Damuwarsu ɗaya da suke yawan faɗa ita ce ba matasa. Masu ilimin tantancewar duk sun manyanta, gwiwa ta fara ciwo, ɗalibai irina kuma mu zo mu gama karatu mu tafi. Ranar da aka rufe kasuwa ma aiki bai ƙare ba, abin da ya rage malaman makaranta da ƙungiyoyin agaji su zo su ɗiba kyauta, wani kason a tura wa kamfanoni irin su Better World Books da ke Indiana su sayar a intanet su ba laburare nasa kaso, sauran kuma na masu sake sarrafa takarda ne. Su ɗin ma ba sa son bango mai tauri saboda gam da ƙyallen da ke jikinsa, sai mun zauna da wuƙa mun ɓare bangon ɗaya bayan ɗaya kafin motarsu ta zo.