Zuwa ga masu tambayar wa ya koro ni cikin gonakin inabi

Assalamu alaikum mutanen gida, na Birnin Kebbi da Argungu da Jega da duk inda wagga takarda ta iske ku. Ina gajiya, ina iyali, ya girbin shinkafa, Allah ya sa a cika buhuna. Gaisuwar ke nan ku yi haƙuri, don tun ranar da na saka hoton nan a WhatsApp ina tsaye tsakanin layukan inabi da kambas a ƙafa na fito gudun motsa jiki, ban huta ba. Kawu ya aiko murya wai wa ya koro ni, Inna kuma abin da ya dame ta shi ne an gaya mata gonar giya ce, abokai na cewa karatun noma anka tura ni ba tsere ba. To bari in amsa gaba ɗaya, in lokaci ya bari in taɓa maganar abinci da masallaci da kuɗin takalmi da kunka yi ta tambaya.

Inna, gonar inabi ce, itace ne da ganye da ƙasa. Gaskiya ne abin da suke yi da 'ya'yan ba namu ba ne kuma ban taɓa kai shi baki ba, ni hanya ta kai ni. Ina garin Dijon ne a Faransa, a yankin da suke kira Bourgogne, kuma daga bakin garin in ka yi kudu har wani ƙauye Santenay wajen kilomita 60 ne, gangaren tudu guda ɗaya mai kallon gabas an shuke shi da inabi kakaf. Kowane ɗan fili da sunansa da iyakarsa tun zamanin kakanni, guda 1,247, har hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta saka su cikin kayan tarihin duniya a 2015. Akwai wata gona a ƙauyen Vosne-Romanée da ba ta kai hekta 2 ba, wallahi gonar Kawu ta fadama ta fi ta girma, amma mutane ke tasowa daga Japan su tsaya bakin katangarta suna ɗaukar hoto. Tsakanin gonakin nan akwai ƙananan hanyoyin tarakta kamar burtali, wasu da kwalta wasu tsakuwa, to nan muke gudu.

Abin da na gano bayan na sha wuya shi ne ba tsawon hanya ke kashe mutum ba, hawa ne. Tudun nan kamar hawa uku yake, kowa da inda ya dace da shi. Wanda bai taɓa yi ba, ko mai jiki, ko wanda likita ya ce ya riƙa motsawa saboda suga ko hawan jini, ƙasa zai tsaya. Ni da kaina ban fara cikin gonaki ba, a tafkin Kir na fara, wani tafki da anka gina cikin 1964 a gefen gari, zagayensa bai kai kilomita 4 ba kuma shimfiɗe yake kamar faifai, duk da haka ranar farko sau uku na tsaya ina haki na riƙe ƙugu, wata tsohuwa da ta girmi Inna ta wuce ni da ɗan karenta har tana yi min sannu. Gudu minti 1 tafiya minti 2, haka na yi kusan wata guda, babu kunya a ciki.

In ƙafa ta saba sai a shiga jirgin ƙasa zuwa Beaune, su Bon suke cewa, kar ku tambaye ni ina sauran baƙaƙen sunka tafi. Bai wuce minti 30 ba. Daga can akwai hanyar 'yan keke da ta ratsa gonaki har Santenay, kamar kilomita 22, ta bi ta Pommard da Volnay da Meursault, kuma daɗinta shi ne ƙauyukan kusa-kusa suke, ka ga hasumiyar cocin gaba tun kana na baya, sai ka ce wa zuciyarka can kawai zan kai. Zuwa Pommard da dawowa ya ishi mai matsakaicin ƙarfi, wanda ya ji garau ya zarce Meursault. Hawan Volnay ne kawai zai tambaye ka mi ka ci da safe.

Su kuma gwanaye, waɗanda ƙwaurinsu ya zama kamar taɓarya, sama suke yi inda inabi ya ƙare daji ya fara, cikin wasu kwaruruka masu duwatsu a bayan ƙauyukan Fixin da Gevrey-Chambertin. A Fixin akwai matakala 100 da wani tsohon sojan Napoleon, sarkin Faransa na da, ya sa anka sassaƙa a dutse don tuna kwana 100 na ƙarshen mulkin ubangidansa, na hau sau ɗaya, gwiwata ta yi kwana uku tana gaya min magana. Mutanen Zuru za su ji daɗin wurin, ni ɗan fadama ne.

Yanzu ga abin da ya fi ci min rai, takarda. Ku da kuke ganin takarda sai a gida, Faransa ita ce uwar takarda. Kowace shekara cikin Nuwamba, a ƙarshen makon da ake gwanjon giyar tsohon asibitin Beaune wanda anka gina tun 1443, ana tseren kilomita 21 cikin gonakin nan. Shekarata ta farko na ce bari in gwada, sai anka ce ba a shiga tsere sai da takardar likita wadda ba ta shekara ba. Na nemi ganin likita na samu bayan kusan mako uku, ya auna jini ya saurari ƙirji ya sa na yi tsugunne-tashi kamar wanda ya makara makaranta, ya rubuta ya buga hatimi, na biya na fito ina murna. Na tura, sai ga saƙo wai ba ta yi ba, likita ya rubuta ina iya gudu amma bai rubuta ina iya gudu na gasa ba. Kalma ɗaya jama'a! Ƙafar ita ce, zuciyar ita ce, amma dole na sake neman layi, kafin in samu an rufe rajista. Ranar tseren ina tsaye bakin hanya cikin jaura ina tafa wa tsofaffi. Daga 2024 sun sauya tsarin ga manya, yanzu a intanet kake kallon 'yan bidiyo kan alamun ciwon zuciya ka tabbatar ka fahimta a ba ka shaida. Na yi ta mita a lokacin, amma fa da na tuna yadda mu ke shiga filin ƙwallo a Haliru Abdu da tsakar rana ba wanda ya taɓa auna jininsa sai na yi shiru. Yaya, kai da ka haura 40 kake cewa za ka fara, ka bi ta kemis a ɗaura maka abin nan a hannu tukuna, ba ya cin kuɗi.

Sanyi kuwa, hunturunmu wasa ne. Cikin Disamba sai bayan ƙarfe 8 rana ke leƙowa, in ma ta leƙo, hazo ya kwanta kan gonaki ba ka ganin mita 50, yatsu su mutu cikin safar hannu. Lokacin ne manoma ke sassabe rassan inabi suna ƙona su cikin wani baro da sunka yi da rabin duro, hayaƙi na tashi layi-layi, ƙamshin ya kan kai ni bakin mai shayi a Rafin Atiku da asuba. In sanyi ya dawo cikin Afrilu bayan itace ya tofo, kamar yadda ya yi musu ɓarna a 2021, kyandirori suke kunnawa cikin gonaki duk dare. Ga laka, in ruwa ya sauka ƙasar ta manne a takalmi sai ka ji kamar ka ɗaura bulo.

Akwai ladubba kuma. Ba a shiga cikin layukan, ba a tsinkar inabi ko ƙwaya ɗaya, in an yi feshi a kauce, lokacin girbi a Satumba a ba tarakta hanya. Da kaka mafarauta na cikin dajin sama suna bin aladen daji, sai da riga mai ƙyalli. Ruwan sha kuwa in ya ƙare maƙabartar ƙauye ake nema, galibi akwai famfo a ciki don masu ban ruwan furanni, na daɗe kafin zuciyata ta yarda.

Duk wannan da nike ba ku labari, in na rufe ido hanyar fadamar da ke ƙasan Dukku nike gani, shimfiɗe, iska na kaɗa shinkafa, bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi babu abin da tafkin Kir ya fi ta da shi. Bambancin kawai nan ba mai tsayar da kabu-kabu ya tambaye ka lafiya. Ku fita ku uku ko huɗu, mutum ɗaya ake kira mahaukaci, kuma kun fi ni sanin halin da ake ciki, kada a yi nisa da gari.

Maganar abinci, akwai shinkafa amma ba irin tamu ba, masallaci akwai. Takalmi kuma kar ku sayi sabo, na gwanjo mai laushin ƙasa ya isa, nawa ma a ragi na same shi. Kawu, ba wanda ya koro ni. A gaida Inna, a ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.