Talotalon Thanksgiving da ogan da ya ɗora min laifinsa

Tunda dai na ajiye aikin, kuma mutane sun ishe ni da kira wai me ya haɗa ni da oga, bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji in huta. Ba zan kama sunan kamfani ba, waɗanda muka yi aiki tare sun sani, wanda bai sani ba kuma sunan ba zai ƙara masa komai ba. Ku da kuke aikin girki a gidajen mutane a nan New York da New Jersey kun san yadda makon Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa da ake cin talotalo, yake, ba sai na tsaya ina bayanin tashin asuba da ciwon ƙafa ba.

Ana cin abincin ne ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, amma tamu rigimar tun Juma'ar makon da ya gabace ta ta faro. Talotalon da aka yi oda duk suna cikin firiza, akwai wanda ya kai fam 22, kusan kilo 10 ke nan ga 'yan gida. Lissafin narkar da shi ba wani sirri ba ne, duk mai girki ya sani, kowane fam 4 zuwa 5 sai ya ci kwana ɗaya cur a firji, wato na fam 22 yana son kwana biyar ko ma fiye. Na same shi a ofis na ce oga ya kamata yau a sauko da manyan nan. Ya ce babu wuri, akwai bikin aure ranar Asabar firjin a cike yake, bayan biki a sauko da su. Litinin na sake tuna masa ya ɗaga min hannu yana waya. Ba a sauko da su ba sai daren Talata. Duk maganar nan kuwa da baki aka yi ta, daga ni sai shi.

Ranar Alhamis aka tura ni wani gida a New Jersey, mutum 18 za su ci, an ce ƙarfe huɗu na yamma abinci ya hau tebur. Wajen goma na safe na yage ledar. Fatar ta yi laushi, ka danna ƙirjin ya ɗan lotsa, wanda bai sani ba sai ya ce lafiya lau. Da na zura hannu ciki ƙanƙara na taɓa. Jakar nan da suke sa hanta da ƙundu da zuciya ta manne da haƙarƙari, wuyan da suke cusawa ciki ko motsi ya ƙi yi. Na tsaya ina lissafi a kaina. Tsuntsu mai wannan girma in ya narke sarai yana cin awa huɗu da rabi zuwa biyar a obin kan digiri 325 na ma'aunin Fahrenheit da ake amfani da shi a nan. In da ƙanƙararsa ne za ka iya gasa shi, ba haramun ba ne, amma sai ka ƙara rabin wannan lokacin a kai, kusan awa bakwai ke nan, ga hutun da za a ba shi kafin a yanka, ga obin ɗin gidan guda ɗaya ne tal kuma ba ni kaɗai ke jiransa ba. In ruwan sanyi za ka jiƙa shi, minti 30 ne kan kowane fam, awa 11. Ta ko ina ka bi, ƙarfe huɗu ba za ta yiwu ba.

Na fita bayan gida na kira oga. Ya ce in tara ruwan zafi a sink in tsoma shi, sannan in ƙure wutar obin zuwa 450, kuma kar in kuskura in gaya wa matar gidan komai. Na ce oga akwai tsohuwa a gidan nan, akwai mai ciki. Ya ce ke dai yi abin da na ce, ya kashe waya. To ku da kuka yi kwas ɗin tsaftar abinci kun san abin da ruwan zafi yake yi, wajen naman ya zauna tsakanin digiri 40 da 140, inda ƙwayar cutar salmonella ke hayayyafa, cikin kuma yana nan da ƙanƙararsa. Ƙure wuta kuma waje ya ƙone, jikin ƙashi ya fito da jini. Shi ma ya sani, takardar shaidarsa tana rataye a bangon ofis.

Ban yi ko ɗaya ba. Na samu matar gidan na ce mata tsuntsun nan bai gama narkewa ba, zaɓi biyu ne, ko a gasa shi ɗungurungum a ci da dare can, ko in sassara shi gaɓa-gaɓa a ci ƙarfe huɗu. Ban ce mata laifin wane ne ba, na rufa wa oga asiri. Ta yi jim, fuskarta ta canja, ta ce akwai masu tuƙi zuwa Pennsylvania a daren, in yanka kawai.

Duk wadda ta taso a gidan da ake layya ta san wannan aikin, ba ya ba ta tsoro. Na ja cinya na tsaga fatar da ke tsakaninta da ƙirji, na banƙare ta baya har gaɓar ta ɓullo, wuƙa ta bi ta wuce ba tare da ta taɓa ƙashi ba. Haka ɗayar, haka fukafukai. Ƙashin bayan ne ya ba ni wuya saboda ƙanƙara, da almakashin kaji na bi gefe da gefe ina datse haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya har yatsuna suka daina jin komai. Na zuba gaɓoɓin a leda na nutsa su a ruwan sanyi ina canja ruwan duk rabin awa, da yake yanzu ba dunƙule suke ba, kafin sha biyu da rabi sun saki. Ƙashin baya da wuya da ƙundu suka tafi tukunya da albasa da karas da seleri, romon da zan yi grebi da shi ke nan, wato miyar da ake zubawa a kan naman, wanda da a ce ɗungurungum aka gasa ma ba zan same shi da wannan kyau ba.

Ba wai komai ya tafi sumul ba ne. Ƙanwar matar gidan ta zo da tiren dankalinta mai mashmalo a sama tana son obin, wata ta zo da fai na kabewa ita ma tana so, sai da muka yi ta jere da sauke tire kamar ba za a gama ba. Mai ya ɗiga a ƙasan obin, hayaƙi ya tashi, ƙararrawar gobara ta kama ihu, mazan suna falo suna kallon wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Detroit Lions ko wanda ya leƙo, sai kakar gidan ce ta ɗauki tawul tana fifita ƙararrawar tana dariya, ta ce duk shekara sai ta yi kuka, in ba ta yi ba to ba a yi Thanksgiving ba. Ita ce ma ta riƙa ɗanɗana min grebin, don ni ba na cin naman da ba yankanmu ba, kowa da fahimtarsa a kan wannan, ni dai haka nake. Shi ya sa ba na rabuwa da ma'aunin zafi a aljihun gaba. Ƙirji ya kai 165 na cire na rufe da foyil, cinyoyi na bar su sai da suka haura 175.

Huɗu da 'yan mintuna abinci yana tebur. Na yanyanka ƙirjin na jera a babban faranti, cinyoyi a gefe, na ƙawata da ganye da lemo. Maigidan ya fito da doguwar wuƙarsa da cokali mai yatsu biyu, ya tsaya a kan tebur, babu abin yankawa. Wallahi na ji ba daɗi, kuma ban ga laifinsa ba. A wurinsu tsuntsun nan a kawo shi sukutum, a yi hoto, babba a gida ya yanka ya rarraba, shi ne bikin. Tun 1863 da shugaban Amurka Abraham Lincoln ya ayyana ranar ake yi duk shekara, ba ni ce zan zo daga Kaduna in ce musu ba komai ba ne. Amma dai sun ci, farantin nan ƙashi kawai aka bari. Kakar ta biyo ni kicin ta riƙe hannuna ta ce rabonta da cin ƙirjin talotalo da bai bushe ba har ta manta. Ba wata baiwa ba ce, ƙirji da cinya ba lokaci ɗaya suke nuna ba, in suna haɗe kafin cinya ta yi ƙirji ya riga ya bushe, in ka raba su kowa ka cire shi a kan lokacinsa.

Mako na zagayowa maigidan ya turo imel, ya ce abinci ya yi daɗi amma shi kuɗin cikakken talotalo ya biya. Da gaskiyarsa. Oga ya tara mu gaba ɗaya a kicin, har da yara masu wanke-wanke, ya karanta imel ɗin da ƙarfi, sannan ya karanta amsar da ya mayar, wai ma'aikaciyarsa ce ta yanka ba da izininsa ba, wai ba a ƙasar nan ta taso ba, ba ta san muhimmancin al'adar ba, za a ƙara mata horo. Ko kalma ɗaya a kan firiza babu. Na ce oga ranar Juma'a fa na gaya maka, ya kalle ni ido cikin ido ya ce bai tuna ba. Tukuicin da mutanen suka sa min a kati ya riƙe wai da shi za a rage musu kuɗi, ya kuma cire sunana daga jerin aikin Kirsimeti, wanda kun san nan ne kuɗin shekara yake. Wata yayarmu 'yar Kumasi da ta daɗe a wurin ta ja ni store ta ce ƙanwata haɗiye, kina da haya kina da yara, mai haƙuri shi kan dafa dutse. Na ce Yaya na ji. Na haɗiye ɗin, amma bai wuce ba. Daga baya ne na san cewa tun 2018 dokar tarayya ta hana mai kamfani ko manaja riƙe tukuicin ma'aikaci, ko da wane dalili. Ku riƙe wannan, da yawanmu ba mu sani ba kuma sun san ba mu sani ba.

Abin da ya ƙarasa fitar min da aikin daga rai shi ne da shekara ta zagayo na ga sabon menu. An ƙara wani layi, talotalo gaɓa-gaɓa irin na shef, ƙirji daban cinya daban, da grebin romon ƙashi, kuɗinsa ma ya fi na ɗungurungum. Kuma ni aka ce in koya wa sababbi yadda ake yi. Na koya musu tsaf, don su ba su yi min komai ba.

Don haka babban abin da zan ce wa duk mai wannan aiki, duk abin da kika gaya wa oga wanda zai iya zama magana gobe, ki tura shi a rubuce. Ko bayan kun yi da baki ne, ki bi shi da tes, oga kamar yadda na faɗa ɗazu manyan nan suna son kwana biyar. Ba rashin kunya ba ne. Kuma rufa wa na sama asiri a gaban kwastoma, ki yi in kin ga dama, amma kar ki sa ran zai tuna.

Sauran ƙanana ne. Jan maɓallin robar nan da ke jikin ƙirji, wanda ke ɓullowa ya nuna wai nama ya nuna, kar ki jira shi, kafin ya ɓullo nama ya bushe. Kar ki wanke talotalo a sink, ƙwayoyin cuta kawai kike fantsamawa a kicin. Ki duba ramin wuya, nan ma suna ɓoye jakar kayan ciki. Mai ƙanƙara ba ya shiga tafasasshen mai, gobara ce. Ba a zuba kitse a sink. Ragowar abinci kar ya wuce awa biyu a waje. In kin rasa wanda za ki tambaya, kamfanin sayar da talotalo na Butterball suna da layin waya tun 1981 don wannan kawai, kuma ba sa yi wa mutum tsawa.

Bana a gidana zan yi, na riga na ba da oda wurin mahaucinmu na Bronx tun farkon wata, don na halal in ka yi sanya sai ka rasa ko ka samu ƙato wanda obin ɗinka ba zai ɗauka ba. Biyu na ce, 'yan fam 12, ɗaya ɗungurungum saboda yara suna son hoto, ɗaya gaɓa-gaɓa da yajin ƙuli da citta, ga dafa-duka ga masa. Yaran sun kafe sai an yi makaroni da cuku irin na makarantarsu, na ce to babbarsu ta shiga kicin ta yi da kanta, ni obin ɗina ɗaya ne kuma na riga na raba masa lokaci.