Lauya a Buronks: yadda nake kai gwamnatin Amurka ƙara kan jinkirin bizar iyali

Ofishina ɗaki biyu ne a saman wani shago a unguwar Buronks ta birnin New York, daga ni sai sakatariyata. Masu hawo mana bene galibi namu ne, 'yan Kumasi da Yamai da Kano, direbobin tasi da masu aikin jinya, kuma kukansu ɗaya ne: "Barista, na cike wa iyali takarda, har yau shiru kake ji."

Hanyar takardar doguwa ce. Mutum zai shigar da fom I-130, na neman a shigo masa da iyali, a hukumar shige da fice ta USCIS. In ta amince, fayil ya wuce cibiyar biza da ke jihar New Hampshire, daga can sai ofishin jakadanci, Legas ga 'yan Najeriya, Akara ga 'yan Gana. Ko'ina fayil na iya maƙalewa, amma abin da ya fi ƙona rai shi ne a gama intabiyu, a miƙa wa matar mutum takardar 221(g), a ce ana ƙarin bincike, ba a faɗi ranar gamawa ba.

Nan ne sana'ata take. Wata doka ta 1946 ta wajabta wa hukumomin tarayya su kammala abin da aka gabatar musu cikin lokacin da hankali zai ɗauka, kuma kotun tarayya na iya tilasta wa jami'i ya yi aikin da ke wuyansa. Ƙarar mandamus ke nan. Kuɗin kotu dala 405 ne, ban da ladan lauya, gwamnati kuma tana da kwana 60 ta ba da amsa. Sau da yawa ba a kai gaban alƙali. Lauyan gwamnati na da shari'u jibge, ya fi masa sauƙi ya taɓo hukumar, sai ka ji an ce matar ta sabunta gwajin asibiti ta kawo fasfo, mu kuma mu janye ƙara.

Sai dai alƙali ba ya ba da biza. Iyakarsa ya ce a yanke hukunci, hukuncin kuwa na iya zuwa da "a'a". Shi ya sa rabin aikina tonon fayil ne kafin in taɓa kotu. Ina tambayar abin da mutanenmu ba sa son a tambaya. Alhaji, wannan ita ce uwargida ko amarya? Dokar Amurka ba ta san aure na biyu ba muddin na farko na nan. In an rabu da ta farkon, ina takardar saki, ko da baki aka yi? Yaron nan naka ne na cikinka ko ɗan riƙo ne, ɗan ƙanenka? Can ana iya neman gwajin DNA. Me ya sa fasfo ya ce 1 ga Janairu, takardar makaranta ta ce wata rana daban? Fayil mai irin wannan rami, in ka tashe shi da ƙara, ka gaggauta wa kanka ƙi ne, gara a gyara tukuna.

Akwai kuma waɗanda nake mayarwa tun daga ƙofa. Wanda ya cike wa wansa ko ƙanwarsa, layinsa doka ce ta tsara shi: biza 65,000 a shekara ga duniya duka, jiran ya haura shekara 15, ba alƙalin da zai taɓa shi. Mata da iyaye da ƙananan 'ya'yan ɗan ƙasar Amurka su ne ba su da wannan ƙayyadewa, nasu jinkirin ne ake iya ƙalubalanta.

Ko a nasu ɗin, alƙalai na auna jinkiri da ma'aunai shida na wani hukunci na 1984, kuma ba sa son ƙarar da amfaninta kawai wani ya tsallake na gabansa a layi. Don haka nake tara shaidar cutuwa: takardar likita, jaririn da bai taɓa ganin ubansa ba, hayar gida biyu. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2024 a shari'ar Muñoz, wanda ya ce ɗan ƙasa ba shi da haƙƙin tsarin mulki na lallai a shigo masa da abokin aurensa, lauyoyin gwamnati sun ƙara taurin kai a shari'un ofisoshin jakadanci. Wanda jiransa bai kai shekara ba, nakan tura shi ofishin ɗan majalisar mazaɓarsa ya sa a bincika masa, kyauta ne, in ce ya adana duk amsar da aka ba shi a rubuce, don da ita za mu fara in ranar kotu ta zo.