Ta tashi, amma raina bai kwanta ba

Laraba. Da safe komai lafiya lau. Firinta biyu muka gama kafin ƙarfe 11, ɗaya robar jan takarda ce ta cinye, ɗaya kuma guntun takarda ne ya maƙale can ciki. Har raha muke yi a hanya.

Sai aikin hawa na uku, babbar firintar nan ta leza da kwamfutoci suka daina gani tun makon jiya. Fanel ɗin da ke karɓar saƙo daga kwamfuta, wato allon lantarkin da ke cikinta, shi ne ya mutu, sabon kuma ya iso jiya cikin jakarsa mai ruwan azurfa. Na zare wayar wuta, na jira hita ta huce, don wurin da ke gasa hoda a jikin takarda yakan kai kusan digiri 200. Na ɗaura madaurin hannu mai waya, wanda ke sauke wutar da gogayya ke tarawa a jikin mutum, na maƙala bakinsa a ƙarfen injin inda babu fenti. Ina cikin kwance sukurori na ce wa Ƙarami, yaron da ke koyon aiki a wurina, ya miƙo mini sabon fanel. Ni da jakarsa nake nufi. Juyowar da zan yi sai ga shi ya tako kafet tun daga bakin ƙofa, fanel tsirara a hannu, babban yatsa a kan aisi (ƙananan ƙwayoyin lantarkin da ke jikin fanel), ya kuma ajiye shi bisa ledar da aka naɗo takardu.

"Kai! Me ka yi haka?"

"Oga, ai ban ji shokin ba."

Na ɗaga masa murya a gaban mutanen ofis. Na ce mutum ba ya jin tartsatsin wutar da ta taru a jikinsa sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali akwai ƙananan aisi da bolt 100 ma ya ishe su. Na ce taka kafet kawai, idan iska ta bushe, yana iya tara wa mutum har bolt 35,000, idan da laima kuwa ya sauko wajen 1,500. Ga na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki tun safe ta shanye laimar, ga rigarsa ta roba. Ya sunkuyar da kai. Ban san ko ya ji lissafin ba, faɗan dai ya ji shi.

Muka ɗaura, muka kunna. Ta tashi, ta fitar da takardar gwaji tsaf. Ya dube ni a hankali ya ce, "Ga shi ta yi, Oga." Ban amsa ba.

Abin da ke cina ke nan. Da fanel ɗin ya mutu nan take, da an san inda aka tsaya. Amma wannan wuta sau da yawa rauni take yi, ba kisa ba. Ta huda wani siririn abu a cikin aisi wanda ido ba ya gani, injin ya yi ta aiki, bayan makonni ya fara tsayawa haka kawai, a ɗora wa kamfani laifi ko a ce wutar ofis ce. Shekarun baya akwai wadda ta dawo mini bayan mako uku da canza fanel, kuma ranar ban ɗaura komai a hannu ba. Har yau idan na tuna nakan tambayi kaina ko ni ne.

Wani abin mamaki, da irin wannan wutar firintar take rubutu. Ana caza duram, gangar da ke juyawa a ciki, da ɗaruruwan bolt, leza ta zana, hoda ta manne. A can aiki take, a nan ɓarna.

Aikin yamma bai yiwu ba, an kulle ofishin. Sukuddireba ƙarama ta sake ɓata.

Ina jera kaya da dare na lura da abin da ya ƙara dagula mini lissafi. Madaurin hannu ɗaya ne tak a jakar, kuma a hannuna yake. Wata takwas yaron nan yana bina. Na koya masa tsoron hita, na koya masa kada ya kusanci sashen babbar wuta ko an kashe, don kafasito, abin da ke adana wuta, yana riƙe caji. Duk abin da zai ji masa ciwo na gaya masa. Abin da shi zai ji wa injin ciwo kuwa, ban taɓa zaunar da shi a kai ba. Bai san fanel a gefe ake riƙe shi ba. Bai san jaka mai ruwan hoda rage taruwar caji kawai take yi, mai ruwan azurfar ce ke karewa ba. Bai san akwai resista, abin rage gudun wuta, mai megom 1 a cikin wayar madaurin don wutar ta sauka a hankali ba, ko cewa ba a ɗaura shi idan injin yana jone da wuta. A ina zai sani? Ido kawai ya gani, ya ɗauka ɗabi'ata ce.

Na rubuta kwanan wata da lambar injin a littafi, in ga ko za su kira. Na saka madauri na biyu da tabarmar aiki a jerin abin da za a saya. Na ɗauki waya sau biyu zan kira shi, na ajiye. Gobe shi zai ɗaura nawa ya kwance, ni in miƙa masa kaya.