Hayaƙin da ya cinye mana kuɗin haya

Mawaƙin da muke yi wa aiki ne ya nace sai an yi masa bidiyon waƙa irin na 'yan Ingila masu kiɗan na'ura na wajen 1980, su Gary Numan da Visage da Ultravox. Fuska fari fat da hoda, ido ya sha kwalli, ba murmushi, mutum ya tsaya ƙiƙam yana kallon kyamara. Wannan duk bai ba mu wuya ba. Hayaƙi ne ya gasa mana aya a hannu.

Duk wanda ya kalli bidiyon waƙar Vienna, wanda darakta Russell Mulcahy ya shirya wa ƙungiyar Ultravox a 1981, ya san abin da nake nufi: hazo ya lulluɓe titi, fitila tana bayan mutum, inuwarsa kawai kake gani. Irin waɗannan ne suka cika MTV, tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi da aka buɗe ta a Amurka ran 1 ga Agusta 1981, don 'yan Ingila sun riga sun tara bidiyoyi.

Mai ba da hayar na'urar hayaƙin ya rantse mana za ta cika zaure. Ta dai yi tari ta fesa, kafin mai kyamara ya saita, fanka ta kwashe shi. Muka kashe fanka, muka toshe tagogi da barguna. Hayaƙi ya zauna, sai zufa ta ce ga ni. Hodar nan ta riƙa gangarowa layi-layi har wuyan riga, kwalli ya bi ta. A goge, a sake shafawa, kafin a gama hayaƙi ya baje, ga janareto yana shan mai, ga mai zaure yana duba agogo.

Abin da har yanzu yake ci mini rai, tsadaddar kyamarar da muka yi haya ba ta ƙara komai ba. Kyamarorin talabijin na wancan zamani ma jela suke ja wa haske in fitila ta motsa, mu kuwa tamu ta fito da hoto tas, sai da na dusashe shi a kwamfuta.

In za ka yi, ɗauka da asuba ko lokacin hunturu. Fitila ɗaya a baya, ƙasa-ƙasa, ka fifita hayaƙin da kwali ya bazu kafin mawaƙi ya shigo. Na'urar hayaƙin kuwa, a kunna ta a gabanka kafin ka miƙa ko sisi.