Labarin sana'arka ya fita, yaya za ka gode wa ɗan jaridar?

Mai ƙaramar sana'a yakan sha wuya kafin a ba da labarinsa a jarida ko rediyo, amma da zarar labarin ya fita sai a ji shi tsit. Nan ake yin asara. Kowane ɗan jarida yana da jerin mutanen da yake kira idan yana neman wanda zai yi magana kan wani batu, kuma abin da ka yi bayan labarin farko shi ke sa sunanka ya zauna a jerin ko a manta da kai.

Aika godiyar cikin awa 24, kada ta wuce kwana biyu, ta hanyar da kuka saba magana, imel ko WhatsApp. Layi uku zuwa huɗu sun isa. Ka ambaci wani abu guda da ke cikin rahoton, domin ya san ka karanta da gaske. Misali: "Malam, barka da aiki. Na karanta rahotonka na jiya. Bayanin da ka yi kan tsadar kayan aiki ya fito daidai da halin da muke ciki, har mutum uku sun kira mu a kai. Allah ya ƙara basira." Kada ka ce "na gode da tallata mu". Ɗan jarida bai ɗauki kansa mai talla ba, kuma wannan kalma tana sa ya ji kamar an yi amfani da shi. Kada kuma ka liƙa wata buƙata a ƙarshen saƙon. Godiyar da ta zo da "muna da wani sabon kaya" ta koma roƙo.

Maganar kyauta ita ce inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Kundin ɗa'ar aiki da Tarayyar 'Yan Jarida ta Duniya, IFJ, ta amince da shi a Tunis a 2019 ya hana ɗan jarida karɓar wata fa'ida ta ƙashin kansa saboda ya yaɗa labari ko ya danne shi. Kafafen yaɗa labarai da yawa suna da irin wannan doka a cikin gida, wasu ma sai ma'aikaci ya mayar da abin da aka ba shi. To ka duba halin da kake jefa mutum idan ka miƙa masa ambulan ko ka cika masa leda da kayanka: ya karɓa ya saɓa ƙa'idar aikinsa, ya ƙi kuma kamar ya watsa maka ƙasa a ido. Ko da ya karɓa, gobe idan ya sake rubutu a kanka, abokan aikinsa za su ce saye aka yi, shi ya sa mai tsare mutuncinsa zai fara kauce maka. Idan kayanka ne ake son gwadawa don a yi sharhi, ba da samfuri ɗaya kafin rubutun, ka faɗa a fili cewa na gwaji ne.

Abin da ya fi masa amfani shi ne masu karatu. Ka yaɗa adireshin labarin a Facebook da sauran shafukanka, ka ambaci sunansa da na gidan jaridar. Ka guji ɗaukar hoton rubutun gaba ɗaya ko kwafe shi zuwa shafinka, domin mutane za su karanta a wurinka, gidan jaridar ya rasa masu shiga, ga kuma matsalar haƙƙin mallaka. Mai ɗaukar hoto da wanda ya shirya shirin a rediyo su ma a gode musu, su ake yawan mantawa.

Idan an yi kuskure, raba shi da godiyar. Saƙo daban, zuwa ga wanda ya rubuta, kafin a kai ga edita. Ka tsaya kan abin da za a iya tabbatarwa, kamar suna, lamba ko kwanan wata, ka haɗa da hujja. Kanun labari kuwa galibi edita ne ke sa shi, kada ka ɗora wa wakilin laifinsa.

Bayan haka sai ka zama mai sauƙin samu. Ɗan jarida yana aiki da ƙayyadadden lokaci, idan ya kira da rana wataƙila da yamma zai miƙa rubutun, don haka mayar da kira cikin awa ɗaya. Ka ajiye hotuna uku ko huɗu masu kyau, waɗanda ba a rage musu girma da inganci ba, da taƙaitaccen bayanin sana'arka a shafi guda, da sunanka yadda kake so a rubuta shi. Ranar da ya tambaye ka abin da ba fanninka ba, haɗa shi da wanda ya sani, ko da abokin gogayyarka ne a kasuwa.